Itatuwanmu da Maganin Zogi da Kumburi: Daga Tukunyar Mai Magani Zuwa Ɗakin Gwaji

 

Mai girma shugaban wannan zama. Iyayenmu hakimai da dagatai na Masarautar Daura, Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ƙara masa lafiya. Malamai, likitoci, ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna. Iyayenmu masu maganin gargajiya, wanzamai, maɗora da ungozomomi. Ɗalibai maza da mata. Da sauran jama'a. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro har suka ga ya dace a ba ni dama, kuma ina roƙon manya su yi mini afuwa idan harshe ya yi tuntuɓe.

Batun da aka ɗora mini shi ne abin da ake tatsowa daga itatuwa da tsirrai, da irin ƙarfinsa wajen kashe zogi da saukar da kumburi. Na san a zauren nan akwai masu jiran su ji na ce maganin gargajiya camfi ne, akwai kuma masu jiran na ce duk abin da asibiti ke taƙama da shi daji ya fi shi. Dukkanku sai ku yi haƙuri da ni. Matsayina shi ne itatuwanmu suna ɗauke da magani na gaske. Duk abin da yake magani na gaske kuwa yana iya cutarwa, yana buƙatar awo, yana buƙatar a gwada shi a jikin mutane bisa ƙa'ida. Wannan gwajin ne ba mu yi ba, kuma kaso mafi tsoka na laifin yana wuyanmu mu 'yan boko. Zan bi maganar a kan batutuwa bakwai.

Batu na ɗaya: me ke faruwa a jiki?

Idan manomi ya yi targaɗe a gona, ko ƙaya ta soki yaro, wurin yakan yi ja, ya ɗauki zafi, ya kumbura, ya yi ta zogi, daga nan gaɓar ta ƙi aiki. Naman da ya ji rauni ne ke sakin wasu sinadarai, hanyoyin jini su buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su kwararo wurin don su yaƙi ƙwayoyin cuta su share ɓarna. Cikin sinadaran nan akwai wanda ake kira furostagilandin, shi ne ke tsokanar jijiyar ji har taɓawa kaɗan ta zama azaba. Saboda haka kumburin kwana biyu ko uku aikin gyara ne. Wanda ya zauna wata da watanni, irin na amosanin gaɓɓai, shi ne ke cinye gaɓa.

Magungunan zogi hanya biyu suka fi bi. Wasu suna aiki a wurin ciwon, su hana jiki haɗa furostagilandin: asfirin ke nan da ibufurofen da diklofenak. Wasu kuma ƙwaƙwalwa da laka suke nufa, su dushe saƙon kafin mutum ya ji shi: mofin ke nan da kodin da tiramadol. Na farkon in an matsa musu suna huda ciki su lalata ƙoda. Na biyun suna kama mutum ya kasa rabuwa da su.

Me ya sa wannan ya dame mu a nan? Domin abincinmu daga gaɓɓanmu yake fitowa. Noman fartanya, daka da surfe, jan guga, dako a kasuwar Mai'adua, acaɓa daga safe har dare. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da kayan maye, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan zogi irin su tiramadol suke sha ba da umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin samarin nan ba neman maye ya kai su ba, "maganin gajiya" suka je saye. Al'ummar da ba ta tanadar wa gajiyayyenta magani mai aminci ba, to mai tallar ƙwaya zai tanadar masa.

Batu na biyu: ƙwayar asibiti ma daga daji ta fito

Wani limamin coci a Ingila mai suna Edward Stone ya busar da sassaƙen wani itacen bakin rafi da suke kira wilo, ya daka, ya riƙa aunawa yana ba masu zazzaɓi, kimanin mutum 50, sannan a 1763 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan abin da ya gani. Iyayena masu magani, me ya yi da ba ku yi kullum? Sassaƙe ne, turmi ne, gari ne. Abin da ya ƙara a kai uku ne kawai: ya auna, ya ƙirga, ya rubuta. A 1828 aka ware sinadarin salisin daga wannan sassaƙe a Jamus. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa asfirin, ya shiga kasuwa a 1899. Amma sai a 1971 John Vane ya gano cewa hana haɗa furostagilandin ne aikinsa, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1982. Fiye da shekara 70 ke nan duniya tana shan asfirin ba ta san yadda yake aiki ba. To ka ga rashin sanin yadda magani ke aiki bai hana amfani da shi ba. Abin da ba a yi sakaci da shi ba shi ne sanin nawa za a sha.

Mofin, wanda har yau shi ake ba mai ciwon daji idan azaba ta kai maƙura, daga ƙaron tsiron ofiyom Friedrich Sertürner ya ware shi a farkon ƙarni na 19. Mu dawo madafin gidajenmu. Kakar da ta ce a danna kanumfari a kogon haƙori ba ta yi kuskure ba: a cikinsa akwai yujinol, mai dusar da jijiya, kuma likitocin haƙori suna kwaɓa shi su cike rami na wucin gadi. Ƙamshin da kuke ji a ɗakinsu ke nan. Barkono kuwa, sinadarin da ke sa shi yaji yana tsokanar jijiyar jin zafi har ta gaji ta yi shiru, shi ya sa ake yin man shafawa da shi don ciwon jijiya da gaɓɓai. David Julius ya gano mashigarsa a jikin jijiya a 1997, aka ba shi Nobel a 2021. A kan barkono fa!

Batu na uku: namu na gida

Ba yau aka fara rubuta ilimin nan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da amfanin filasko. A zamanin Turawa wani likita ɗan Sikotilan, John Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau masu bincike can suke komawa, ilimin da ke ciki kuwa daga bakin kakanninmu aka kwashe shi.

Bari na fara da sanya, uwar magunguna. Duk wanda ya taɓa kankare ɗanyar saiwarta ya san ƙamshin: sak na man zafin da ake shafa wa gaɓa. Ba kama ba ce kawai, abu ɗaya ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na man da ke tashi daga saiwar sanya metil salisilet ne, ɗan gida ɗaya da asfirin, kuma shi ne ake zubawa a yawancin mayukan zafi na kanti. Wanzamin da ya dandaƙa saiwar ya shafa wa mai ciwon gwiwa, ko ya ba mai ciwon kai ya shaƙa, yana kan hanya, kuma ya riga kamfanoni da ƙarnoni.

Amma ku saurari ragowar. Idan aka tace wannan mai tsantsarsa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya daidai yake da kusan giram 7 na asfirin, wato ƙwaya 20 da 'yan kai, kuma ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Bayan shi akwai wasu sinadaran masu ƙarfi a saiwar. A ƙasashen kudancin Afirka likitoci sun rubuta mutuwar matan da suka yi matsi da ita. Iyayena mata, ku kai wannan magana cikin gida. Tambayata ga mai magani ita ce: saiwar da ka haƙo da damina da wadda ka haƙo da bazara, ƙarfinsu ɗaya? Ta tsohon itace da ta ɗan tsiro fa? Kai ba ka auna ba, mu ma da ke da na'urar ba mu auna maka ba.

Sai hano, itacen duwatsu mai saɓar ɓawo, wanda ake dafa sassaƙensa don sanyin ƙashi da zazzaɓi da ciwon ciki. Sunan da masana suka ba shi, Boswellia dalzielii, daga sunan likitan nan aka ɗauko. Danginsa ɗaya da itacen da ake samun turaren lubban. A Indiya akwai ɗan'uwansa da aka gwada ƙaronsa a kan masu ciwon gwiwa, aka ga sauƙi daidai gwargwado, ko da yake gwaje-gwajen ƙanana ne kuma na gajeren lokaci. Abin sha'awa a nan shi ne hanyar da yake toshewa daban take da ta asfirin. Sau da yawa za ka ji ɗalibi ya kawo sakamakon Indiya ya ɗora wa hanon gida. A'a. Ba a neman aiki da takardar shaidar ɗan'uwa. Namu hanon sai an gwada shi da kansa.

Bagaruwa kowa ya san ta, majema sun fi kowa. Sinadarin tanin da ke sa fata ta jemu shi ne ke ɗaure fuskar rauni: gyambo ya tsotse, dasashi ya daina jini, gudawa ta lafa. Kurkure baki da ita ko zama cikin ruwanta abu ne mai ma'ana. Ɗirkar ta kwana da kwanaki kuwa wani abu ne daban, domin tanin yana hana hanji tsotsar ƙarfen da jiki ke gina jini da shi. Wa ake yawan ba? Maijego, wadda ta riga ta zubar da jini. Sabara ma haka take a gaba wajen jego da zazzaɓi da ciwon ciki. Binciken da Sulaiman Sani Kankara na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da abokansa suka buga a 2015, a kan tsirran da ake kula da masu ciki da masu jego da su a Jihar Katsina, ya tattara fiye da iri 100, bagaruwa da sabara suna sahun gaba. Maɗaci, marke, aduwa, runhu, giyayya, duk an taɓa su a ɗakunan gwaji, ba zan tsaya a kansu ba.

Citta ce zan ɗan tsaya a kai, don ta fi su sa'a. An gwada garinta a kan mata masu ciwon mara lokacin al'ada, yawanci a ƙasar Iran, aka ga miligiram 750 zuwa 2000 a rana, a kwana 3 ko 4 na farko, yana rage zogin. Kun ji yadda magana take daɗi idan da awo? Nijeriya tana cikin manyan masu noman citta a duniya, Kaciya da kewayenta su ne cibiya. Mu muke nomawa, wasu suke gaya mana nawa za a sha.

Batu na huɗu: abin da muke yi a ɗakin gwaji, da inda muke tsayawa

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sun fitar da bincike mai tarin yawa a kan itatuwan nan. Bari na buɗe muku ƙofa ku ga yadda ake yi, don iyayenmu su daina ganin abin kamar tsafi.

Ɗalibi zai samo ganye ko sassaƙe, masanin tsirrai ya tabbatar masa da sunansa, ya shanya a inuwa, ya daka, ya jiƙa a wani ruwa mai kama da barasa da ake kira metanol, ya tace, ya ƙafar da ruwan, a bar shi da wani baƙin danƙo. Wannan danƙon shi ne abin da aka tatso. Da farko zai ba 'yan ɓeraye kaɗan awo daban-daban don a ga wanda ke kisa, yawanci bisa tsarin da Lorke ya fitar a 1983. Sannan gwajin zogi: a ba ɓera maganin, a yi masa allurar ruwan tsami a ciki, a zauna ana ƙirga sau nawa zai murɗe. Wanda ya sha magani in ya rage murɗewa, an ce da aiki. Akwai na faranti mai zafin digiri 55, a duba daƙiƙa nawa zai yi kafin ya lashi ƙafa ko ya yi tsalle. Na kumburi kuwa, wanda aka fito da shi tun 1962, wani sinadarin ciyawar teku ake tsira masa a tafin ƙafa, a riƙa auna kaurin ƙafar sa'a bayan sa'a. Mai zurfafawa zai ƙara da naloksan, maganin da ke karya aikin mofin. In ya karya aikin ganyen, an gane hanyar ƙwaƙwalwa yake bi. In bai karya ba, sai a nemi wata hanyar.

Aiki ne mai kyau, ba na raina shi. Amma ɗalibai, ku dubi inda yake yoyo.

Mai magani da ruwa yake dafawa, ko ya jiƙa, ko ya zuba a kunu, wani lokaci da jar kanwa, kuma sau da yawa itace uku ko huɗu yake haɗawa. Mu mun ɗauki guda ɗaya mun jiƙa a metanol. Abin da metanol ke janyowa ba lallai ruwa ya janyo shi ba. Majinyaci ta baki yake sha, maganin ya bi ta ciki da hanta, wani ya lalace, wani ya ƙi shiga jini sam, kamar yadda sinadarin gangamau yake wahalar shiga. Mu kuma sau da yawa allura muke yi wa ɓeran a kogon ciki. To wane magani muka gwada? Na mai maganin, ko wani da muka ƙirƙira?

Ga kuma awo. A ce ɗalibi ya ga aiki a miligiram 500 ga kowane kilo na nauyin ɓera. Idan aka yi lissafin mayarwa ga mutum, ana rabawa da kusan 12, mai nauyin kilo 60 zai buƙaci kusan giram 2 da rabi na tsantsar danƙon a sha ɗaya, alhali ƙwayar ibufurofen miligiram 400 ce. Sassaƙe nawa za a dafa kafin a sami wannan? Kofin da ake sha ya kai, ko ya wuce? Ba kasafai takardun ke amsawa ba. Sannan gwajin murɗewar nan mai sauƙin ci ne. Abin da ke sa barci ko ya saki jiki ma yana rage murɗewa, ba tare da ya taɓa zogin ba. Gwajin guba kuma na kwana ɗaya ne zuwa mako biyu, alhali tsohuwa mai ciwon gwiwa shekara za ta yi tana sha.

Daga nan sai me? Sai a rubuta cewa bincike ya gaskata amfanin da ake yi da shi a gargajiyance, ɗalibi ya karɓi digiri, malami ya sami ƙarin girma, kundin ya hau kanta, wani ɗalibin ya ɗauko itace na gaba. Na san gwaji a kan mutane yana cin kuɗi, yana buƙatar asibiti da kwamitin ɗa'a da izinin hukuma. Duk da haka, da kuɗin da aka kashe a kan itace 100 an tara shi a kan 5, da yanzu muna da abin nunawa.

Na ga wani dattijo yana murmushi, kamar yana cewa: yaro, ni na ba mutane ba iyaka sun warke, wane gwaji ya fi wannan? Baba, Allah ya ƙara girma, shaidarka tana da nauyi, ita ce ma ke nuna mana inda za mu haƙa. Sai dai zogi yana da halin zuwa da tafiya. Mutum ba ya zuwa wurinka sai abin ya kai ƙarshe, bayan ƙarshe kuwa sauƙi ne ke biyowa ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ya ji daɗi zai dawo da goro, wanda bai ji ba ya wuce wani wurin, ba ka da labarinsa. Kuma yarda da mai magani ita kanta tana rage zogi. A 1978 a Amurka an ba waɗanda aka cire wa haƙori allurar da ba magani a cikinta, wasunsu suka ji sauƙi, da aka ba su naloksan sai zogin ya dawo. Wato jiki da kansa yake sakin nasa mofin idan zuciya ta amince. Wannan ya shafi likita kamar yadda ya shafe ka. Shi ya sa ake raba majinyata gida biyu, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan mai kama da shi, ba mai bayarwa ba, ba mai sha ba, babu wanda ya san wanne ne wanne sai an gama ƙirga.

Batu na biyar: an taɓa yi a ƙasar nan

Kada ku ce abin ya fi ƙarfinmu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana haihuwar kimanin jarirai 150,000 da shi a shekara, kuma duk gidan da ke da mai sikila ya san kukan dare. Wani limamin coci mai maganin gargajiya daga Oyo, Paul Ogunyale, ya kai haɗinsa cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, a Abuja, lokacin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Aka rubuta yarjejeniya da shi. Me ke cikin haɗin? Masoro, kanumfari, karan dafi, da wani jan itacen kurmi da Yarabawa ke kira osun. Uku daga cikin huɗun suna kasuwar Daura yau. Aka daidaita awo, aka zuba a kwanso, aka sa masa suna Niprisan, aka gwada a kan majinyata 82 bisa tsarin nan na gida biyu, aka buga sakamakon a 2001: tashin ciwon mai tsanani ya ragu. Ba warkar da sikila yake yi ba, kuma masana sun ce ana buƙatar gwaji mafi girma. A 2006 ya shiga kasuwa, bayan 'yan shekaru kamfanin da ke yin sa ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna na tsawon lokaci. Ilimin ya ci jarrabawa, harkar kuɗi da riƙon amana ce ta faɗi.

Batu na shida: inda haɗarin yake

Gubar da ke kayar da mutum nan take, gargajiya ta san ta. Kowa ya san zaƙami yana haukatarwa. Kowa ya san nonon tumfafiya in ya shiga ido sai gani ya dushe, ga shi kuma yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya. Wadda gargajiya ba ta iya gani ita ce mai aiki a hankali. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin ganye na rage ƙiba, da yawansu har sai da wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya kama musu hanyar fitsari. Da aka bincika, sai aka tarar da tsiron Aristolochia a ciki. Dangin wannan tsiro muna da shi, shi ne duman dutse, wasu su ce maɗacin ƙasa, kuma an sami irin wannan sinadari a saiwarsa. Wanda ƙodarsa ta tsaya bana, wa zai tuna jiƙon da ya sha shekara biyar baya?

Haɗari na biyu ha'inci ne. Ana daka diklofenak ko deksametazon a zuba a garin magani, a sayar da sunan na gargajiya. A Taiwan an taɓa auna samfuri 2,609 na magungunan gargajiya, kusan kashi 24 cikin 100 aka same su da ƙwayar asibiti a ɓoye. Ku ga alama: garin da ya ɗauke ciwon gwiwa na shekaru cikin sa'a ɗaya, ya buɗe ci, bayan 'yan makonni fuska ta cika ta yi tumbur, wannan a yi zarginsa. Deksametazon yana tayar da suga da hawan jini, yana rarake ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya bari rana ɗaya zai iya faɗuwa, sai likita ya janye masa a hankali. Masu wannan aiki ba magada ba ne, 'yan kasuwa ne da lasifika a kan mota, kuma sunanku suke ɓatawa. Lambar hukumar NAFDAC ta rajistar wucin gadi da kuke gani a kwalba ma, shaida ce cewa an duba ba a ga guba ba a ɗan gwajin da aka yi. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtuka 20 da aka jera a jiki.

Na uku, kashe zogi ba kashe cuta ba ne. Ciwon ciki mai tsanani da amai da taurin ciki, kumburin gaɓa da zazzaɓi a jikin yaro, ƙullutun nono ko da ba ya ciwo, ɗorin da yatsu suka yi sanyi suka fara baƙi, ciwon kai da kumburin ƙafa ga mai ciki: waɗannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Mai ciki, da jariri, da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, kada a haɗa musu jiƙo da ƙwaya ba da sanin likita ba. Ku kuma likitoci, in kuna harara, majinyaci ba zai gaya muku abin da ya sha ba.

Batu na bakwai: itatuwan da kansu, da roƙona

A tambayi kowane dattijo a Baure ko Zango ko Sandamu itatuwan da ya sani yana yaro, da waɗanda suka rage. Sassaƙen da aka zagaye gindi da shi kisa ne. Saiwar da aka tumɓuke gaba ɗaya ba ta dawowa. Maƙwabtanmu na Matamaye da Magarya da Maraɗi, tun daga shekarun 1980, sun koma barin kututture ya tofo a gona suna yi masa aski maimakon ƙonewa, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200. Ƙasarmu ɗaya, ruwanmu ɗaya, tsakaninmu da su Kwangwalam ce kawai.

Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ba ku nasara, a sa ido a kan sassaƙar maɗaci da marke, a ware fili a kowace gunduma a dasa itatuwan magani. Masu magani, kowa ya sami littafi da ɗan sikeli: wane itace, wane sashe, nauyi nawa, ruwa nawa, shekarun majinyaci, me ya biyo baya, har da wanda bai ji sauƙi ba. In rubutu na da wuya, ga ajami, ga 'ya'yanku ɗalibai. Abokaina masu bincike, mu gwada abin da ake sha yadda ake shan sa, mu zaɓi kaɗan mu kai su gadon asibiti, kuma kada mu karɓi sirrin kowa sai da yarjejeniya a rubuce, da sunansa da kasonsa.

A nan zan dakata.  Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Fili ya buɗe ga mai tambaya ko gyara, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu masu magani dama.